Bana Zan Sauke Dela a Kan Wata

Zuwa ga Yaya Gado, a Yamai.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Wasiƙu uku na aiko maka, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Shi ya sa na buga wannan a shafin farko na mujallarmu, kowa ya karanta tare da kai.

Ka tuna shekarar da aka samu 'yancin kai, kana mushe, wato malami, a lakwal, makarantar bokon Dogon Dutsi? Rediyo na ta labarin masu harba ƙarafa sama. Ka ce idan Nasara za su je wata, ba abin da zai hana 'yar Arewa zuwa. Nan ka ƙirƙiro Dela, manomiya, wadda ta hau jirgin ƙarfe da ƙwaryar irin hatsi za ta shuka a can. Ka sa wa mujallar suna Kaza da 'Ya'yanta, don taurarin nan.

Ba mu da injin bugawa, sai farantin da malamin mishan ya ba ka, cike da wani abu kamar daskararren romon ƙafar saniya. Kai ka rubuta da tawada shunayya ka manna a kai, ni in danna farar takarda in ɗaga da rubutun a jikinta, ɗaya bayan ɗaya. Da zafi narkewa yake, don haka sai lokacin sanyi muke bugawa, farantin na ƙarƙashin randar Inna. Har yau tana cewa mun mai da mata randa ofis.

Fitowa uku muka yi. Daga Sukukutane aka aiko mana zanen jirgi. Wata tsohuwa a Lugu ta aiko tambaya ko Dela ta nemi izinin iskokin wurin. Ka yi dariya, amma ka buga.

Sai aka ba ka aiki a Yamai, ka tafi ka bar Dela rataye tsakanin ƙasa da wata. Shekara uku ke nan, Yaya.

Ka san Baba Arzika, telan Tibiri, da ake karanta wa labarin yana ɗinki. Duk ranar kasuwa sai ya tare ni: "Yaushe ɗiyag ga za ta sabka? Iri in ya shekara ukku ba shi tsira." Yanzu yana kwance, ko kunu da ƙyar. Da na je duba shi bai tambayi kowa ba, sai Dela.

Na ji haushinka, ba zan ɓoye ba. Na yi kewarka kuma. Kullum kana cewa ni hannu ce, kai ne kai. To, hannun ya ɗauki alƙalami. Abin cikin farantin ya bushe, na dafa ƙafar saniya sau huɗu kafin ya kama. Rubutuna ba shi da daɗin naka, na sani. Amma gobe zan hau motar Tibiri in karanta wa Baba da bakina.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya kai shi damina. Kai kuma Allah Ya tsare ka, Ya karkato da zuciyarka gida.

Idan ba ka son inda na kai ta, ka zo ka gyara. Amma juya shafi, Yaya. Ta sauka, kuma irin ya tsira.

Ƙanwarka mai shunayyan yatsu,
Mariyama