Yaya, Ki Amsa Kafin Baba Ilu Ya Shuka Wake

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga yayata Mariya, tare da gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da duk mutanen gidanku na Potiskum. Mu nan lafiya ƙalau. Baba da Inna suna gaishe ki. Damina ta sauka, mun gode Allah.

Bayan haka, na san za ki yi mamakin ganin rubutu a shafinki na sada zumunta wanda ba ke kika yi ba. Ni ce, Saude. Shafin naki har yanzu a buɗe yake a tsohuwar wayar da kika bar mini.

Na kira ki har na gaji. In ta shiga ba kya ɗauka, in kin ɗauka ki ce kina tuƙa tuwo za ki kira, shi ke nan. Na tura saƙo, yana nan ba a buɗe ba. Amma jiya da na leƙo nan sai ga hoton sabon labulenki, kina ta amsa wa masu cewa ya yi kyau, ɗaya bayan ɗaya, har da mai tambayar inda aka ɗinka. Shi ya sa na ce bari in zo in same ki inda kike zama.

Kin san ni. In baƙo ya yi sallama ɗaki nake shigewa. A aji ban taɓa ɗaga hannu ba. To ki auna abin da zai sa in yi rubutu a inda ƙawayenki duk za su gani. Ina rubutawa ina jin kamar in nutse.

Ga abin da ake ciki. Lissafi ya kayar da ni a zangon farko, ya sake kayar da ni a na biyu. Da Baba ya ga sakamakon bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Aji ɗaya, shekara ɗaya. In aka ce ki maimaita, ki dawo gida ki kama wa Innarki ƙuli." Kin san Baba, in ya yi magana a hankali to ya gama. Jarrabawar ƙarshen shekara ce za ta raba: ko in shiga aji biyu na ƙaramar sakandare, ko in zauna gaban kasko.

Malamin lissafinmu kuwa an yi masa canjin wurin aiki, ba a kawo wani ba. Malam Nasiru mai koya mana Turanci ne ya ɗauki ajin. Bai ɓoye mana ba, ya ce shi ma lissafi ba hannunsa ba ne, a wani shafin karatu da gwamnati ta buɗe a intanet yake dubawa yau, ya koya mana gobe. Ya ce kyauta ne, akwai ɓangaren malamai akwai na ɗalibai, duk wanda gidansu ke da babbar waya ya kawo ya buɗe masa. Na kai taki, ya buɗe mini.

Yaya, akwai wata malama a ciki mai farin gilashi. Lemo take yankawa tana koyar da rabi da kwata. Da Turanci take yi, amma a hankali. Ko sau nawa na mayar da ita baya ba ta taɓa cewa ke ba yanzu na faɗa ba. Kuma babu 'yan aji da za su juyo su kalle ni. A wurinta na fara gane abin da ya sa kwata biyu suke zama rabi. A firamare haddacewa kawai muka yi.

Wanda ya ce kyauta ne bai yi ƙarya ba, babu wanda ya nemi komai a hannuna. Datar da kike turo mini ma tana zuwa, na gode, a nan ba ni da ƙorafi. Amma ina jin wanda ya tsara abin bai taɓa kwana a ƙauye irin namu ba, inda sabis yake da wurin zama guda kamar mai unguwa.

Ke ma kin san wurin. Surin nan na tsakiyar gonar Baba Ilu, maƙwabcinmu na bayan gida. Inda kike hawa ki yi waya da angonki, ki dawo da ciyawa tafi ɗaya ki ce wa Inna ciyawar awaki kika je yi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau, kuma ke kika jawo.

Duk rani a can nake. In na dawo makaranta na ɗebo ruwa, sai in ratsa gonar in hau surin. Gona a fili, babu mai cewa don me. Wani lokaci malamar takan tsaya cak, baki buɗe, wuƙa a cikin lemo, wani ɗan zobe yana ta juyawa a kan hancinta har in ƙosa. In ɗaga wayar sama, in juya gabas, ta ci gaba. Da haka da haka muka kai ga tara rabi da sulusi.

Sai aka yi ruwan shuka.

Washegari Baba Ilu ya fito da sungumi. Kin san garin nan ba a barin ƙasa ko taku ɗaya, mutum yana shuka har gindin katangar wani. Ya shuka gero tun daga ciyawar gamba ta kan iyaka har gindin surin, ya zagaye shi kaf. Kuma ba sai na tuna miki ba, ba a taka shukar mutum. Ko akuya ce ta taka sai an kai magana, balle 'yar maƙwabci da hankalinta.

Na tsaya a kan iyaka na miƙa hannu iya tsawona, sabis ya leƙo ya koma. Na hau katangar bayan gida, Inna ta fito da muciya a hannu tana cewa wace irin budurwa ce a kan katanga kamar ƙadangare. Na sauko.

Daga ƙarshe na ce bari in je in roƙe shi. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa. Na tambayi gajiya, na tambayi ruwa, na tambayi mutanen gida, roƙon kuwa ban taɓo shi ba. Na tashi na dawo. Washegari ma haka. Da na sake komawa, kafin in gama durƙusawa ya ce, "'Yar nan, gaisuwar nan taki ciki gare ta. Haife shi mu gani."

Na faɗa masa, kaina a ƙasa. Ya juya ya dubi wajen gonar. Can ya ce awakin unguwa suna cinye masa tsiro, shi kuma ba zai iya wuni a gona ba. In zan zauna a kan surin in riƙa kora masa su, ya yarda. Ya shiga gaba na bi shi, yana cewa, "Inda na taka, nan za ki taka."

Haka na zama mai gadin gero. Malama tana tsakiyar bayani sai in hango kunne a cikin gamba, in ajiye waya in bi sawun Baba Ilu da gudu ina kora, in dawo in tarar sabis ya tafi. Kuma duk awakin unguwar nan babu mai taurin kai kamar jar akuyarki. Ni nake ba ta dusa da safe, da yamma ta zo ta tozarta ni a gonar mutane.

Shekaranjiya mai unguwa ya sa aka yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa. Aikina ya ƙare ke nan. Baba Ilu ya ce geron ya tasa, ranar Asabar zai shuka wake a tsakani, daga nan ko shi sai da dabara zai shiga. Bai kore ni ba, ya dai faɗa mini gaskiya. Ni ma ba zan iya taka masa wake ba bayan kirkin da ya yi mini.

Na kai kukana wurin Malam Nasiru, wato na tsaya a bakin ofis har ya gaji ya tambaye ni. Ya ce ai da sauƙi, ana iya sauke darussan su zauna a cikin waya, sai in riƙa kallo a ɗaki ba sai da sabis ba. Ya nuna mini inda ake dannawa. Na taho gida kamar in tashi sama. Na hau suri, na danna. Wayar ta ce babu wuri.

Kin san abin da ya cika ta? Bikinki.

Na zauna na duba hotunan da bidiyoyin duka. Ƙawarki Ladidi da ta riƙe wayar ranar jere, Allah ya shirye ta. Ta ɗauki tukwanenki daga dama, ta ɗauke su daga hagu, ta ɗauke su a rufe, ta buɗe murafen ta sake ɗauka. Gado kuwa har ƙarƙashinsa ta leƙa. Akwai wani bidiyon da ta manta ba ta kashe ba, ta saki hannu tana tafiya. Babu komai a cikinsa sai ƙasa da silifas ɗin mutane da muryarta tana cigiyar wanda ya ɗauke mata kwanon alkaki. Shi kaɗai ya fi darasin malama tsawo. Wannan ne yake zaune a inda lissafina zai zauna.

Da son raina ne da tuni na share. Amma ranar da za ki tafi, kina cikin mayafi kika damƙa mini wayar kika ce, "Ga ta nan ki yi karatu. Hotunan bikina kuwa ko ɗaya kada ki taɓa, ban kwashe ba, sai na zo ganin gida." Na tambayi Inna yaushe amarya take zuwa ganin gida, ta ce ke dai ba kafin kaka ba. Kafin kaka an gama jarrabawa, an raba sakamako, an manta.

Na ce wa Inna to na tukwanen kawai zan goge. Ta ce, "Abin da aka ba ki ajiya, ko ƙura ce a kansa, da ƙurarsa za ki mayar."

Kada ki ce ban nemi hanya ba. Na gwada turo miki guda ɗaya, na wuni a kan suri yana tafiya kamar hawainiya, ya kusa kaiwa ya koma farko. Ramin da ake saka memori ya lalace tun faɗuwar da wayar ta yi a bakin rijiya, ke kika yar da ita ba ni ba. Malam ya ce in kawo ya juye su a tasa ya ajiye. Na ce a'a, don akwai na ranar lalle, ku duka babu mayafi, ba zan miƙa wa namiji ba ko da malamina ne. Mai cajin bakin hanya ma haka.

Saura ke. Ke kaɗai za ki iya cewa a goge, ke kuma kina can kina amsa gaisuwar labule.

Ki yi haƙuri, Yaya. Na san sabon gida ba wasa ba ne, ga dangin miji, ga garin da ba ki san kowa ba. Inna ta ce wataƙila shafin nan ne kaɗai inda kike ganin fuskokin da kika sani. Ban yi tunanin haka ba sai da ta faɗa.

Ni ma ba duka nake so a goge ba. Akwai ɗaya na ranar lalle, an ɗaure miki hannu da ƙafa ba kya iya taɓa komai, ni nake ba ki fura da ludayi. Kina cewa in rage cikawa, ina dariya tana zuba a zaninki. Ban san Ladidi ta ɗauka ba. Tunda kika tafi babu wanda nake dariya haka a gabansa. Ɗakin nan ya yi mini faɗi, har masifar da kike yi in na bar fitila a kunne nake nema. Wannan ko kin ce in goge ba zan goge ba. Hotunan kamu da na kai amarya da duk wanda Inna ta fito a ciki, su ma suna nan.

Tukwane nake roƙo, da gado, da silifas. Su kaɗai sun isa in sauke abin da ya rage mini.

Yau Laraba. Gobe da jibi zan hau suri bayan la'asar in duba nan. Ba sai kin kira ba, ba sai kin yi dogon rubutu ba. Ki rubuta a ƙasan wannan, goge, ko kuwa bari. In ƙawayenki na Potiskum sun riga ki gani, ina roƙonsu don Allah wata ta leƙa gidanki ta ce ƙanwarki tana jira.

In kin ce bari, ko Asabar ta zo ban ji daga gare ki ba, ba zan taɓa komai ba. Zan shiga jarrabawa da abin da ya zauna a kaina, wanda ya tsaya a tara rabi da sulusi. In kika zo ganin gida za ki tarar da tukwanenki cif, a rufe da a buɗe. In kuma a gaban kaskon ƙuli kika same ni, ke za ki yi wa Baba bayani, don ni bakina ba zai iya ba.

Allah ya ba ku zaman lafiya ke da maigidanki, ya sa ki saba da garin, ya kawo mana ke lafiya. Allah ya yi wa gonar Baba Ilu albarka, ya saka wa Malam Nasiru da alheri. Ni kuma ki sa ni a addu'a, Allah ya buɗe mini kai ranar lissafi. Amin.

Ki gaida mutanen gida. Ki duba wayarki.

Ƙanwarki mai kewarki,
Saude