Geron Sadaka da Motocin Alhaji Kabiru

Gyadi-Gyadi, Kano.

Zuwa ga Yaya Dalhatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa. Allah ya ƙara lafiya da buɗi. Mu nan sai godiya. Inna ta fara ɗaga hannun da ya shanye, har tana riƙe ludayi. Baki kuwa, ka san dama bai taɓa shanyewa ba.

Saƙonka ya iso, wai in je in ba Alhaji Kabiru haƙuri. Yaya, ba za ni ba, amma ji yadda aka yi tukuna. Ka san dakalin masu tafiya a ƙafa na gefen titinmu, inda nake tura keken Inna zuwa asibiti a gasa mata jiki. To Alhaji, da yake dillalin motoci ne, sai ya jera hajarsa a kai, ya zama dole mu riƙa sauka kan kwalta. Ran nan ɗan adaidaita sahu ya gogi tayar keken, saura ƙiris Inna ta kife cikin kwata. Na yi wa Alhaji magana cikin ladabi, ya ce in kai shi duk inda nake so. Na kuwa kai shi ƙaramar hukuma. Wani jami'i mai hula a karkace ya ce titi na jiha ne, na je jiha kuma suka ce dakali ba nasu ba ne. Na komo wurin mai hula, ya ce shi fa ba shi da wata doka a kan dakali, wuri ne na kowa. Na ce madalla, na ƙulle maganar a bakin zani.

Tunda na kowa ne, sai na fara sadaka. Kullum da safe, ana gama wanke motocin, in watsa gero a tsakaninsu. Tattabarun Tarauni kaf suka ji labari, har na Daurawa suna zuwa. Wanda ya ci kuwa dole ya sauke, kuma ba sa zaɓen wuri sai gilashi.

Alhaji ya kai ƙarata, abin mamaki, tasa ƙarar ba ta kwana ba. Mai hula ya zo da ƙafarsa, wai ina ɓata wurin jama'a. Na ce masa in dokar ta samu, ta fara da masu taya huɗu, in kuma har yanzu babu, a bar tsuntsayen Allah su karya kumallo. Sannan na fito da Inna, na roƙe shi ya tura ta zuwa bakin mahaɗa, tunda shi ne masani. A gaban jama'a bai iya ƙi ba. Ya tura har hancin motar farko, ya tsaya yana kallon kwalta, tirela na wucewa. Inna ta ce masa ya sauka mana, ɗan nan, ai mu kullum haka muke yi, in ta zo da ƙarar kwana ya sanar da kai. Bai sauka ba.

Washegari aka ja motocin baya. Alhaji ya daina amsa gaisuwata, ni kuwa ban daina gaishe shi ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Geron dai yana nan bayan ƙyaure, Alhaji ma ya sani.

Ka gaishe da Anti Zulaihat da Anas da Hafsat. Inna ta ce a faɗa maka yau a kan dakali ta je asibiti.

Ƙanwarka,
Talatu