Guɗa a Tsakiyar Kiɗan Japanawa

University Heights, Bronx
Ranar Talata

Zuwa ga Yaya Balki,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara duka. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan lafiya lau. Maigidana Abdul-Razak yana ta fama da tasinsa, barci kaɗai ke kawo shi gida.

Na zaɓi rubutu a kan waya ne don in na kira ki, dariya ba ta barin ki ki ji ƙarshen magana. Ga kuma 'yarki Hidaya: gidan namu tafin hannu ne, kuma tana jin Hausa sarai, ko da yake da Turanci take mayar mini da amsa.

Albishirinki, Hidaya ta gayyace ni taro! Kada ki ce wannan ma labari ne, babba ma kuwa. Kin tuna ranar da suka gama ƙaramar sakandare, aka kira sunanta na rangaɗa guɗa a ɗakin taro? Wata Baturiya da ke gabana har jakarta ta faɗi, mai gadi ya sheƙo a guje. 'Yan ajinsu suka yi ta kwaikwayona suna tsokanarta. Tun daga ranar yarinyar nan ba ta ƙara gaya mini wani taro nasu ba, sai dai in ga hotuna a wayar ubanta. Ina mayar da abin wasa a gaban mutane, amma wallahi Yaya yana ci mini rai.

To, bana ta shiga ƙungiyar masu kiɗan Japanawa a makarantarsu. Gangar tasu taiko suke kiranta, ta kai girman randar Inna, kuma da sanduna biyu masu kaurin muciya ake dukanta. Ranar Asabar Japanawan garin nan za su yi bikin sana'o'insu da kaɗe-kaɗensu na gargajiya a Manhattan, titi guda za a rufe musu, su Hidaya kuma za su yi wasa. Ita da bakinta ta ce in zo. Amma fa da sharaɗi: ba guɗa, ba liƙi, ba kiran suna. Tafi kawai, shi ma sai na ga kowa ya fara. Ni Rafi'atu, da ake zuwa har gida a ɗauke ni don guɗar kai amarya, yau ni ake koya wa tafi!

Na dai yi mata alkawari. In na saɓa, na san ba za ta sake buɗe mini wannan ƙofar ba. Don haka na roƙi ƙawata Hamdatu, 'yar Zangon Kumasi mai shagon atamfa a Fordham Road, ta raka ni ta tsaya kusa da ni, da ta ga hannuna ya nufi hanci ta mintsine ni. Ki taya ni da addu'a.

Ki gaishe mini da Inna da kowa da kowa.

Taki ƙanwa,
Rafi'atu


University Heights, Bronx
Ranar Litinin

Yaya Balki,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fatan kun tashi lafiya, Inna kuma ta samu sauƙi. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu.

Mun je biki. Yaya, gani ya kori ji! Rumfuna ne jere har iya ganinki. Na ga wani tsoho yana naɗe 'yar takarda, kafin ki ƙifta ido ta zama tsuntsu. Na ga wata mata tana ƙulle farin yadi da zare tana tsoma shi a baba, sak irin rinin gida, har warin ɗaya. Na tsaya a kanta ina ta yi mata sannu da aiki, tana sunkuyo mini da kai, ina sunkuya mata, har Hamdatu ta ce in ba mu bar wurin ba wuyan ɗayanmu zai ƙage. Akwai masu ginin kofunan shayi, akwai mai busa sarewar gora, da wata mai kaɗa wani abu kamar gurmi. Kowa tsit yake saurare, sai an gama a tafa. Ni ma na tafa, a hankali, kamar mutuniyar kirki.

Da la'asar aka fito da gangunan. Sai ga Hidaya a sahun gaba, ta ɗaura jan ƙyalle a goshi bisa hijabinta, ta ware ƙafa ta tsaya. Da suka fara duka, a cikin ƙirjina nake jin sa. Yarinyar da sai na yi da gaske take ɗaga tukunya, ita ce ke lafta wa ganga sanda haka! Maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi. Na cusa gefen mayafi a baki na cije, na riƙe jaka da hannu biyu.

Kiɗa ya yi zafi, ya yi zafi, sai kawai suka ɗaga sanduna sama gaba ɗaya suka tsaya cak. Wuri ya yi tsit. Na ce a raina alhamdulillahi an gama, na cika alkawari, na saki mayafi. Ashe shirun nan ma cikin kiɗan yake, kuma Hidaya ce za ta karya shi ita kaɗai. Ina zan sani? Na dube ta, hannu a sama, gumi na zuba, 'yata ta cikina. Wallahi ban san lokacin da yatsuna suka kama hanci ba. Sai ji na yi ta fita, doguwa, mai kaɗawa, irin wadda na yi ranar aurenki.

Hamdatu fa? Ashe kura na bai wa ajiyar nama. Maimakon mintsini sai ta amsa mini da tata! Wai daga baya take ce mini a Zango ba a barin guɗa ta tafi ita kaɗai, abin kunya ne.

Titi guda ya juyo yana kallonmu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Idon Hidaya ya sauka a kaina, sannan ta sauke sandunan nan a kan ganga da wani irin ƙarfi, sauran suka bi ta. An ce ba su taɓa kiɗa mai daɗin na ranar ba. Ni dai na san wa take duka a ranta.

A jirgin ƙasa da muke komawa gida ta zauna nesa da mu, ta toshe kunne da waya. A gida na yi mata dambun shinkafa da take so, ta ci ta tashi abinta. Abdul-Razak ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce hali zanen dutse, in ƙyale ta ta huce. Ni kuwa ban ga abin dariya ba. Na ce shi ke nan, na rufe ƙofar da hannuna.

Jiya bayan azahar ina wanke-wanke sai na ji wata ƙara daga banɗaki, kamar an shaƙe kaza. Ta tsaya, ta sake tashi. Maƙwabcinmu Kwasi har ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya ko ƙararrawar gobararmu ce ta lalace. Na sallame shi na leƙa. Yaya, Hidaya ce a gaban madubi, ta saki famfo don kada a ji, ta matse hanci tana gwada guɗa!

Da ta gan ni ta haɗe rai. Ta ce kada in ɗauka ta huce, har yanzu fushi take. Amma wai da ta ɗaga sanduna ta ga yawan jama'a, sai ta manta inda za ta faɗo cikin kiɗan, sai da ta ji muryata ta san inda take. Ta ce akwai wani wasan a Brooklyn wata mai zuwa, in zo, amma Anti Hamdatu ta zauna a shagonta. Sannan ta tambaye ni, idonta a ƙasa, wai yaya ake sa guɗar ta kaɗa haka.

Na kashe famfo, na gyara mata riƙon hancin, na ce ta saki harshe. Hawaye na zuba mini, ina dariya, muka yi ta yi har Kwasi ya gaji ya ƙure rediyonsa.

Ki gaya wa Inna jikarta ta fara guɗa a Amurka. Kada dai ki gaya mata yadda take fita tukuna.

Ki huta lafiya. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Rafi'atu