Layi Ɗaya Bai Isa Ba

Baban Auta,

Na wuce makaranta kana barci, ban so in tashe ka ba.

Auta ta tashi da tari da ɗan zazzaɓi, abin gwajin korona kuma guda ɗaya ya rage mana. Na yi mata. Tsinken na shiga hanci ta yi atishawa uku, wai na taɓo mata ƙwaƙwalwa! Bayan minti goma sha biyar layi ɗaya ya fito, wato ba a ga cutar ba. Sai ta kwasa da gudu za ta faɗa jikin Kaka. Da ƙyar na riƙo rigarta.

Na zaunar da ita na ce gwajin nan kamar kiran suna ne a aji. Wanda ya makara ba ya amsawa, amma yana hanya. A farkon ciwo gwajin yakan kasa gano cutar, ga Kaka kuma da ciwon ƙirji.

Don Allah ka sayo wani a kemis mu sake jibi. Kafin nan kada ta shiga ɗakin.

Ta gane. Ta ce layi ɗaya na yau bai isa ba, daga bakin ƙofa za ta riƙa gaida Kaka sai jibi.

Maman Auta