Garmar da Za Ta Mayar wa Sallau Ruwansa

Yaya Lurwanu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Inna da yara da duk mutanen Tudun Wada. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake a nan Aljeriya. Bayana ne kawai ke ɗan ciwo saboda hawan dabino, amma kada Inna ta ji.

Ka tambaye ni wace garma za a ɗaura wa tarakta bana a gonarmu ta Kakau. Amsata ita ce, ka ce a kawo mai juyawa, ko da sai an jira ta. Wadda aka saba gefe ɗaya take kifa ƙasa, sai an yi ta zagaye. Mai juyawa kuwa, a tafi a dawo, duk gefen da ka so can za ta tura ƙasar.

Ban manta abin da maƙwabcinmu Sallau ya yi wa Baba ba. Da gangan ya ja kwari har bakin iyaka, ruwan gonarsa ya kwararo ya kwashe mana masara. Baba ya je masa magana, ya ce wai ruwa na Allah ne. Da wannan maganar a ransa Baba ya rasu.

To, ka tsaya a kan direban taraktar. A kifa ƙasar duka wajen iyakar Sallau har ta yi tudu, ruwansa ya kwanta a gonarsa. Idan ya zo ƙorafi, ka shimfiɗa masa tabarma, ka kawo masa ruwa mai sanyi, ka ce ya sha, na Allah ne.

Allah ya jiƙan Baba.

Ƙaninka,
Isiyaku