Tafi Biyu a Wurin Suna

Alhamis da dare, Yalwawa

Yau Goggo ta yi magana, har da faɗa! Tun da ta fita takabar Baffa muka ɗauko ta daga Miga, ba ta cin abinci sai an matsa mata, ba ta cewa komai sai "to". Har na fara tsorata.

Muna dawowa daga asibiti a adaidaita, direban ya kunna tsohuwar waƙar soyayyar nan da yaran yanzu suka sake yi da fiyano. Sai ji na yi Goggo ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya ɓata waƙar nan haka?"

Ta ce tun suna 'yan mata suke yin ta a dandali da tafi. Daga baya wani mai kukuma ya kai ta rediyo, wata zabiya ta sa ta a kaset, 'yan fim suka ɗauka, kowa ya cusa sunan masoyinsa a ciki.

"Mu ba ma kama suna," in ji ta. "In an zo wurin, sai ki yi shiru ki tafa sau biyu. Wanda ake yi dominsa ya sani."

Na ce, "To Baffa ya gane kuwa?" Ta harare ni. "Ke, ba na son rashin kunya."

Bayan la'asar ina wanke-wanke na jiyo ta tana rera waƙar a hankali. Da ta zo wurin sunan ta yi shiru. Na tsaya da kwano a hannu. Sai ga tafi, sau biyu.

Tuwon dare kuwa, da bakinta ta ce a ƙaro mata miya.