Ɗaki Ɗaya ko Babban Zaure

Lyon, Asabar, 14 ga Maris 2015, bayan isha'i

Yau 'yata Nana ta zo daga Paris, ta ja ni kallon gidajen nan da ake ƙerawa a masana'anta, a ɗauko a babbar mota a dasa maka a filinka. Na shiga ɗaya. Tsaf yake, ga ɗumi, ba matakala, gwiwata ma ta yi na'am. Amma da na ƙwanƙwasa bangon, sai ya amsa kamar akwati.

Mai sayarwar ya tambaye ni ɗaki nawa nake so. Na buɗe baki zan ce uku, yadda muka tsara da mahaifiyar Nana kafin ta rasu. Nana ta riga ni: "Ɗaya ya isa, Baba. In na zo sai in kwana a falo."



Da yamma na kira Yaya Sani a Damagaram kan maganar filina da ke can. Ya ce magini na nan, bayan damina a sa harsashi, kafin in yi ritaya an gama. Na ce a fitar mini da babban zaure, inda za mu riƙa zama da abokai. Sai ya ce, "Su wa, Isa? Malam Habu ma jiya aka yi sadakar bakwai ɗinsa. Na rasa yadda zan faɗa maka."

Nana ta bi jirgin ƙasa na ƙarfe takwas ta koma Paris. Shekara talatin ina cewa "in na koma gida." Yau na faɗa a raina, na kasa gane ina nake nufi.